Motar Da Maiwada Ya Turke

Duk wanda ya taɓa raka Maiwada na Tsiga kasuwar shanu ya san mutumin nan ba nama yake kallo ba, ƙashi yake kallo. Zai wuce bijimai masu sheƙi ko waiwaye babu, ya je can ƙarshen kara ya tsaya a kan wani ramammen sa da ake iya ganin haƙarƙarinsa daga nesa. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa kunne ya ji numfashi. Daga nan sai ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci, ya yi tayin da zai sa mai sa ya ce albarka sau uku. Idan ciniki ya faɗa, ya ja abinsa gida ya ɗaure a turke ƙarƙashin rumfa. Wata huɗu san nan ba ya taka ko'ina, aikinsa ci kawai: dusa, kowar wake, harawa, angurya daga injinan auduga na Funtua, da 'yar kanwa a ruwa. Ba ya barin kowa ya leƙa rumfar. Ranar da ya kwance shi, ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, wanda ya sayar masa ma ba ya gane shi. Wannan ita ce turka, kuma ita ce sana'ar Maiwada tun yana ɗan shekara goma sha tara. Da ita ya yi aure, da ita ya rufe gidansu da kwano, da ita yake biyan makarantar 'ya'yansa biyar.

Ni kuwa Ganiyu nake, bakanike, garejina yana kan hanyar Zariya a Funtua. Iyayena daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma ni a Funtua aka binne cibiyata, kuma ko mafarki da Hausa nake yi. Abotata da Maiwada gado ce. Marigayi mahaifina Azeez shi ne bakaniken mahaifinsa, Malam Abubakar, wanda duk Funtua ta sani da Habu Direba. Su biyun suna ƙarƙashin mota suna gardama, mu biyun muna gefe muna faɗa a kan gyaɗa. Haka muka tashi, har yau kuma ba mu daina faɗan ba.

Shekara ashirin da bakwai Baba Habu ya yi yana tuƙa wani attajiri mai sayen auduga. Manyan motoci ne, baƙaƙe, irin waɗanda idan sun wuce sai masu shayi su bi su da ido. Shi ke wanke su da asuba, shi ke buɗe wa Alhaji ƙofar baya, shi ke zama a rana yana jira a gama taro. Bai taɓa buga ko akuya ba. Da Alhajin ya rasu, bayan sadakar bakwai, babban ɗansa ya kira Baba Habu ya yi masa godiya, ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli. Baba Habu ya zare makullin daga wani zoben ƙarfe mai 'yar fata da ya saya da kuɗinsa tun farkon aiki, ya miƙa, ya mayar da zoben aljihu. A bayan motar masara ya koma Tsiga ranar. Maiwada yana tsaye a bakin hanya ya ga ubansa ya sauko daga kan buhuna yana kakkaɓe riga. Da yamma ya zo garejinmu ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce mini, "Ganiyu, in Allah ya ba ni rai, sai na buɗe wa Baba ƙofar baya da hannuna, a motar da ba mai karɓe masa." Na yi dariya, don a lokacin ko keke ba shi da shi. Shi bai yi ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da su biyun. Maiwada ɗan fari ne, Baba Habu kuma mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari irin ta asali. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yaba masa a gaban ido ba. Idan yana son gaya masa magana kuma ina wurin, ni yake fuskanta ya ce, "Ganiyu, gaya ma abokinka kaza," alhali abokin nawa yana zaune kusa da shi har gwiwarsu na taɓa juna. Tun ina jin abin banbaraƙwai har na saba, na zama wayar gidan.

Shekaru suka tafi. Idon Baba Habu ya fara yana, sannan wata rana ya zame a bakin rijiyar masallaci ya bugu a ƙugu. Ƙashi bai karye ba, amma Maiwada ya tsorata. Ya kafa doka: Baba ba zai ƙara fita ba. Ruwan alwala a kai masa ɗaki, abinci a kai masa ɗaki, labarai a kunna masa rediyo. Ya saya masa katifa mai kauri da fanka mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya gani sai ya sa wa Maiwada albarka, ni ma na sa. Mutumin da ya san kowane rami tsakanin Funtua da Legas ya koma bai san abin da ke faruwa a ƙofar gidansa ba.

Sai ga shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Masu manyan motoci suka fara neman kai da su. Motar da a da sai gwamna ko ɗan kwangila, ta dawo ana tallarta a bakin titi da farashin da bai kai na ƙaramar mota mai tsimin mai ba, kuma ba mai tayawa. A irin wannan lokaci ne, bayan an gama kai amfanin gona gida, Maiwada ya biyo ta wani wurin sayar da motoci a Funtua ya hango ta can ƙarshe, bayan duk masu sheƙin. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus, mai silinda takwas. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don abin da ya biyo baya ba laifinsu ba ne. Fentinta ya koɗe, tayoyinta sun suɗe, fatar kujerar direba ta tsage. Ramammiya ce dai, a ƙarshen kara.

Ozioma mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shagonsa ke kallon wurin, shi ya ba ni labarin cinikin yana riƙe ciki don dariya. Ya ce Maiwada ya zagaya motar sau uku. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa. Ya ce a tayar, ya kara kunne a jikinta ya rufe ido. Sannan ya miƙe ya yamutsa fuska. Dillalin ya yi ta zuba bayani a kan gudu, wai tana iya zuwa Kaduna kafin shayi ya huce. Maiwada bai ko kalle shi ba, ya yi tayinsa na masu shanu. Aka ce albarka, ya juya zai tafi, aka kira shi. Kafin la'asar an sallama masa.

Bai kira ni ba. Ina da nisan da bai wuce a jefa dutse ba daga wurin, shekara talatin ina cikin baƙin mai, amma abokina ya sayi mota bai ce mini ko kanzil ba. Washegari ya zo da ita gareji, wani direba na jan ta, shi yana gefe yana murmushi. Na buɗe gaban na duba, kuma gaskiya ko a bakin maƙiyi a faɗe ta: injin lafiyayye ne, giya lafiya, ba ta taɓa haɗari ba. Idon nan nasa bai ci amanarsa ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi.

"Ka san abin da take sha?" na ce. "Wannan daga nan zuwa Malumfashi sai ta shanye maka buhun masara."

"Duk sa mai ƙashi ci gare shi," ya ce. "Ba haya zan yi da ita ba. Ta Baba ce."

Sai na tuna tsohuwar tayar nan da maganar da aka yi a kanta.

"To mu je mu nuna masa yau," na ce.

"A haka? Kujera a yage, jiki ba fenti? Mutumin da ya tuƙa sababbi dal? A'a. Sai ta cika. Ranar Sallah zan fito da ita, in kai shi Idi."

Na ce Allah ya sanya alheri, na koma kan aikina. A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Akwai jimla ɗaya da ya kamata in faɗa masa, wadda kowane bakanike ya sani kamar Fatiha. Ban faɗa ba. Rabi na ɗauka ya sani, rabi kuma na ce a raina tunda ya iya saye shi kaɗai, ya iya riƙo shi kaɗai. Fushi ne kawai irin na tsofaffin abokai, wanda ba ya da kai ba ya da gindi.

Maiwada ya kai motar Tsiga, aka kashe ta tun daga bakin gari aka tura ta da hannu zuwa bayan gida, don kada Baba ya ji ƙararta. Kunnen tsohon nan ya fi idon mutum goma. Yana kwance a ɗaki zai gaya maka motar da ta wuce a titi da ciwon da ke damunta. Aka kafa mata rumfa jikin ɗakin ajiyar masara, aka zagaye da zana, aka lulluɓe da tamfol. Maiwada ya fara turka.

Duk ranar kasuwa da abin da zai kawo mata. Wannan makon taya ɗaya, wancan makon wata. Ya kira mai ɗinkin kujeru ya zo har gida ya gyara fatar. Ya kira mai fenti. Ya riƙa sayo mai galan-galan yana zuba mata, har tanki ya cika. Kowace safiya bayan ya ba shanunsa dusa sai ya ɗage tamfol ya goge ta, ya tsaya ya kalle ta, ya mayar. Amma bai taɓa murɗa makulli ba, ko sau ɗaya. Na farko, Baba zai ji. Na biyu, a iliminsa abin da ake turka ba a yawo da shi, don tafiya ke zubar da ƙiba. A ganinsa duk ranar da ta kwana a ɗaure, ƙaruwa take yi.

Ni ina Funtua ina ta fushina. Idan ya zo muka gaisa, in tambayi shanu, in tambayi Baba, in tsallake mota. Shi ma ya tsallake.

Cikin watannin nan Baba Habu ya fara lalacewa. Ba wani ciwo da za a nuna. An kai shi asibiti sau biyu, aka auna aka ce jini lafiya, sukari lafiya. Amma tuwo ya koma rabin malmala, daga baya ya koma loma uku. Ya daina kunna rediyo. Na je gaishe shi wata Juma'a, na tarar ya juya fuska bango. Da na yi sallama ya amsa, amma bai ce in gaya wa abokina komai ba. Na tashi na fito. Ina son tsohon nan, shi ya riƙe ni ranar da muka binne mahaifina.

Mansura, matar Maiwada, ita ta fasa ƙwan. Saura kwana goma sha biyu Sallah ta tare shi a bakin rumfar shanu. Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce masa, "Malam, jiya ko kunu bai sha ba. Kana ta jiran mota ta cika, shi kuwa yana ta ragewa. Wa ya ba ka tabbacin Sallah? In za ka nuna masa, nuna masa yau."

Maiwada ya ajiye bokitin dusa, ya je ya yaye tamfol, ya shiga ya murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Ya sake murɗawa. Shiru.

Da hantsi wayata ta yi ƙara. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Ganiyu, ka zo. Ta mutu." Na ce wa? Ya ce motar. Na ɗauki akwatin kayan aiki da batir na hau babur.

Daga waje kam amarya ce. Baƙin fenti yana ɗaukar ido, tayoyi sababbi, kujeru suna ƙamshi. Na ɗaga murfin inji, sai wari ya buge ni. Ɓerayen ɗakin masara sun samu gidan sama. Sun yi sheƙa da soson kujera da tsumma a tsakiyar injin, sun cika akwatin iska da ƙwayar masara, har da 'ya'yansu jajaye guda shida a kwance. Wayoyi kuwa sun ci na ci, sun yanka na yanka. Irin motar nan kuma duk rayuwarta a waya take.

"Sau nawa kake tayar da ita a mako?" na tambaya, ko da yake na riga na san amsa.

"Tayarwa? Ai turke ta na yi."

"Wata huɗu?"

"Da kwana tara."

Na so in yi dariya, na so in zage shi, sai na ga ya dafa ƙofar motar ya zuba mini ido. Na ce, "Maiwada, mota ba sa ba ce. Sa in ya zauna ƙiba yake, mota in ta zauna mutuwa take. Ya kamata in gaya maka tun ranar farko. Na yi shiru don ka saya ba ka kira ni ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ɓerayen. Sannan ya ce, "Na ji tsoron ka hana ni ne. Za ta tashi?"

"Za ta tashi ko ta ƙi Allah," na ce, ba don na tabbata ba.

Na rufe gareji na tare a Tsiga. Kwana huɗu ina sunkuye a rumfar nan daga safe har rana ta yi sanyi, ina bin waya ɗaya-ɗaya, ja da ja, kore da kore. Abin da ya gagara ɗauri in kira Ozioma, ya tono mini a tsofaffin kayansa ya ba mai mota ya kawo. Maiwada ya bar shanunsa a hannun Mansura, yana riƙe mini fitila a lungunan inji, yana leƙa ɗakin Baba yana dawowa. Duk dawowar da zai yi ba na tambaya, fuskarsa ta isa.

Rana ta huɗu bayan azahar na ce ya murɗa. Ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama. Ƙara ce mai kauri, daga ƙasa take fitowa, har zanar rumfar tana rawa. Kaji suka watse. Maiwada ya kama kafaɗata ya girgiza. Amma ni na ji abin da bai ji ba: tana rawa, tana tsallake bugu. Wani wuri wuta ba ta kai ba. Na bi duk abin da na ɗaura na ga daidai. Na'urar da ake duba irin motocin nan sai Kaduna ko Kano, ga Sallah ta matso. Na kashe, na tayar, na kashe, na tayar, gumi yana shiga mini ido.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, a bayan zana. Sanda ce. Aka ɗage zanar, ga Baba Habu tsaye, riga ta yi masa yawa, Mansura na bayansa ta miƙa hannuwa ba ta dai taɓa shi ba. In ban da zuwa asibiti, wata bakwai rabon da ya taka wajen ɗakinsa.

"Wace ce wannan ke ɗingishi tun ɗazu ta hana ni sakat?" ya ce.

Maiwada ya yi wuf zai riƙe shi, tsohon ya kauce. Ya karkata kai yana saurare.

"Takwas ce," ya ce. "Amma bakwai ke aiki. Ganiyu, ɗan Azeez, kana tsaye mota na kuka gabanka? Matsa."

Ya laluba ya dafa gefen motar. Ya ɗora ƙarshen sandarsa a kan injin, ya kara ɗaya ƙarshen a kunnensa. Haka mahaifina yake yi da dogon sukudireba, na manta da wannan tun da na'urori suka zo. Ya matsar da sandar gaba kaɗan, ya saurara, ya matsar. Ya zagaya ɗaya gefen da kansa. A can baya ta hagu ya tsaya.

"Nan. Wannan barci take."

Na cusa hannu ta ƙarƙashi inda ido ba ya kai, na shafo wata siririyar waya. Ɓera ya ci cikinta ya bar bayanta, daga sama sai ka rantse lafiyarta ƙalau. Na kashe mota na ɗaura, na ce a tayar. Ƙarar ta daidaita ta kwanta, har kana iya ajiye kofin shayi a kan injin. Baba Habu ya gyaɗa kai.

"Ta wa ce?" ya tambaya.

Maiwada ya kalle ni. Ni na ce, "Taka ce, Baba. Shi ya saya maka. Tun bayan kaka take nan, yana gyara ta, yana jiran Sallah."

"Tun bayan kaka tana nan ɗaure?"

"E, Baba."

Tsohon ya shafa fentin da tafin hannu, a hankali, tun daga fitila har madubi. Sannan ya juyo wajena.

"Ganiyu, tambayar mani abokinka. Ni ma da ya ɗaure a ɗaki shina kai mani dusa, wace Sallah za ya kai ni kasuwa?"

Mansura ta rufe baki da mayafi. Ni dai dariyar ta ƙwace mini. Maiwada bai yi dariya ba, ya sunkuyar da kai, na ga maganar ta shige shi har ƙashi. Ya je ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗan rusuna. Shekara ashirin da wani abu yana jiran wannan tsayuwar.

Baba Habu ya leƙa ciki, ya taɓa kujerar, ya shaƙi ƙamshin. Ya daɗe a haka. Sannan ya shiga ya zauna, ya jingina, ya ɗora hannu a kan gwiwa. Maiwada ya rufe ƙofar a hankali. Ba a yi minti ɗaya ba gilashi ya sauka.

"To, na zauna," ya ce. "Me ake yi a nan? Ni ban ga abin da Alhaji ya gani ba. Ku kai ni fili."

Akwai wani fili a bayan gari inda ake sussukar masara da kaka, shimfiɗaɗɗe, ba rami ba bishiya, ruwan farko ya kwantar da ƙasarsa. Ni na ja mu zuwa can. Na tsaya a tsakiya, na fito, Baba Habu ya zagayo yana dafa mota ya shiga mazaunin direba. Maiwada ya kalle ni da ido yana roƙon in hana. Na ɗauke kai, don na gama yin shiru inda ya kamata in yi magana, ba zan kuma yi magana inda ya kamata in yi shiru ba. Ya shiga gaba kusa da ubansa, ni na koma baya, mazaunin Alhaji.

Tsohon ya gyara kujera, ya gyara madubin da ba ya gani da shi, ya yi bisimilla. Ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci, ta samu birki, muka yi gaba muka dawo. "Wannan kuma ina suka kai mata ƙafa ɗaya?" ya ce. Na yi masa bayani cewa ita ke canja wa kanta giya. Ya ce lalaci dai ya yi yawa a duniya. Sannan ya saki birki, motar ta fara tafiya.

Ya zagaya filin sau ɗaya kamar mai tafiya da ƙwai. Maiwada yana cewa dama kaɗan, hagu kaɗan, hannunsa na shawagi kusa da sitiyari. A zagaye na biyu tsohon ya ce, "Ganiyu, gaya mashi ya ɗauke hannu." A na uku, da muka fuskanci doguwar miƙa, ya taka totur. Ba sosai ba, amma injin nan ya buɗe murya, kujera ta manne mini a baya. Na ji Baba Habu yana dariya, irin dariyar da nake ji daga ƙarƙashin mota ina yaro. Ya rage gudu tun kafin Maiwada ya ce komai, ya tsaya cak ba ko girgiza.

Ya ɗan bar inji yana numfashi. Ya kashe, ya zare makulli. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da zoben ƙarfen nan mai 'yar fata, fatar ta yi baƙi ta ƙanƙance. Ashe duk shekarun nan yana tare da shi. Yatsunsa suka yi ta fama, ba wanda ya ce bari in taimaka. Da makullin ya shiga, ya jefa a aljihu ya dafe.

"Ganiyu."

"Na'am, Baba."

"Gaya ma abokinka ya iya zaɓen ƙashi. Allah shi yi mashi albarka."

Ban gaya masa ba, don yana nan zaune, ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa na motsi. Baba Habu ya yi kamar bai ji ba, ya ce a tambayi Mansura ko akwai sauran tuwon jiya, yunwa yake ji.

Ranar Sallah a motar ya je Idi, a gaba, yana gaya wa Maiwada ta bakina cewa yana taka birki kamar mai kashe kunama. Yanzu an fi shekara. Motar tana shan mai kamar yadda na faɗa, ko ma fiye, kuma Maiwada ya ƙara sa ɗaya a turke musamman dominta, yana kiransa san mai. Ba ta zuwa ko'ina sai Funtua ranar Juma'a, da filin sussuka idan babu amfani a kai. An raba ta da ɗakin masara, an kuma samo kyanwa. Kowace safiya Baba Habu yana fitowa da sandarsa ya tayar da ita, ya saurara, daga nan ya wuce masallaci da ƙafarsa, ya tsaya wajen mai shayi ya yi gardama. Makulli yana aljihunsa. Duk ranar da Maiwada ke son fita da motar sai ya je ya durƙusa ya roƙa, kuma ba kullum ake ba shi ba.